Araha Ba Ta Ado: Malam Akawu Da Tsohuwar Kwamfutarsa

A unguwar Agege ta birnin Ikko, inda fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka tara Hausawa tun zamanin kakanni, akwai wani ɗan shago wanda faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Mai shagon dattijo ne da ya ba shekara sittin baya. Mutanen unguwa ba su kiransa da sunansa na yanka, sai dai su ce Malam Akawu, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan, watau rubuta wa jama'a takardu. Da mai neman aiki, da mai ba da hayar ɗaki, da magada masu son a jera musu abin da mamaci ya bari, da mai aurar da 'ya da ke bukatar katin gayyata, duk wurinsa su ke zuwa.

Da tafireta ya fara wannan sana'a, har yatsunsa suka yi kanta. Da zamani ya juya, bai tsaya gardama da shi ba, sai ya koyi aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Wadda ya ke aiki da ita yanzu a shekarar 2016 ya saye ta, irin ta tebur ce mai dogon akwatin ƙarfe. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Tokumbo ce, kamar yadda mutanen Ikko ke kiran kayan da aka mora a ƙasashen waje kafin a kawo su nan. Wani ofis ne a Amurka ya gama yayinta ya sallama. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƙirar kamfanin Intel ce, mai lamba Core i5-3470, wadda ta fito a shekarar 2012.

Ranar da ya saye ta, mai sayarwa ya juya masa bayanta, ya nuna masa wani ɗan jan makunni kusa da inda a ke soka wayar wuta. Gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Ya ce masa wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230, saboda haka duk wanda ya bar makunnin a kan 115 ya soka ta a bango a nan, ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi. Malam Akawu ya riƙe wannan gargaɗi, har ya liƙe makunnin da salatif don kada wani yaro ya taɓa. Iyakar abin da ya sani ke nan game da ɗan akwatin nan da ke maƙale a kusurwar kwamfutar, kuma shekara takwas bai sake waiwayarsa ba.

Malam Akawu na da 'ya'ya biyar, amma ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta yi nisa a karatun zamani. A shekarar 2024 tana ajin ƙarshe a wata kwalejin kimiyya da fasaha, tana koyon zanen gine-gine. Aikin da aka ɗora mata na fita shi ne ta tsara asibitin sha-ka-tafi na unguwa, tun daga harsashi har rufi. A da, mai wannan karatu takarda da fensir da ma'auni su ne makamansa. Yanzu kuwa malamai ba su gamsuwa da zanen shimfiɗe kawai. So su ke a nuna musu ginin a tsaye kamar an ɗauke shi hoto, da hasken rana a jikin bango, da inuwar baranda, da ƙyallin gilashin taga, har a zagaya da mai kallo cikin ɗakuna.

Auta ba ta da kwamfutar kanta. In mahaifinta ya tashi daga aiki bayan magariba, sai ta shiga shagon ta zauna a kujerarsa. To, na'urar da ke fitar da wasiƙa cikin ƙiftawar ido, da aka ɗora mata gini sai ta koma tafiyar hawainiya. In yarinyar ta juya ginin don ta ga bayansa, sai hoton ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Hoto guda ɗaya tak ya kan ci tun daga lisha har asuba, in kuwa aka ɗauke wuta a tsakani, sai a koma farko. Ba ta taɓa kai kuka wurin mahaifinta ba, don ta san abin da shagon ke kawowa. Uwarta ce ta lura idanunta sun faɗa, ta matsa mata da tambaya, sa'an nan ta sami maigidan da maganar. Saura mako shida a miƙa aiki, wanda bai miƙa ba kuwa sai ya maimaita shekara, da sabon kuɗin makaranta.

Sayen sabuwar na'ura ba ya cikin lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira, kayan da a ke shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu na 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Abin da Malam ke da shi kwasar adashi ce guda, sai wasu 'yan kuɗi da ya ke tarawa a gefe domin ya sake tabarau, gama wanda ke fuskarsa ya daina nuna masa ƙananan baƙaƙe sosai. Ya kira 'yarsa ya ce, "Auta, ki tambayo mini waɗanda suka sani. Wannan ciwo ana yi masa magani, ko kuwa sai haƙuri?" Ta dawo da amsa cewa 'yan ajinsu sun ce ƙwaƙwalwar ba ta mutu ba, abin da ta rasa shi ne katin hoto.

A nan ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayani. Hoton da ke kan allon kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera. Allo irin na Malam yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600 ke nan, kuma kowane ɗaya sai an lissafa launin da zai ɗauka, a sake lissafawa duk sa'ad da hoton ya motsa. Ƙwaƙwalwar kwamfutar Malam ma'aikata huɗu ne kacal a cikinta, gwanaye masu iya kowane irin lissafi, tare da wani ɗan sashe na hoto wanda bai fi ƙarfin wasiƙa da katin biki ba. Katin hoto kuwa wani falle ne dabam da a ke sokawa a cikin akwatin, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ma'aikata. Kowannensu ba shi da zurfin sani, amma tare su ke aiki a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa ganin ranar zuba kankaren bene zai gane wannan. Injiniya huɗu, kome iliminsu, ba za su rufe bene kafin faɗuwar rana ba, sai an tara leburori masu kwanon siminti suna hawa suna sauka. Amma fa leburori sai da abinci, kuma a nan ne Malam Akawu ya yi tuntuɓe.

Ranar wata Asabar Auta ta ari tef ɗin awo a wurin tela maƙwabcinsu, ta buɗe gefen akwatin ta auna filin da ke ciki, domin katunan nan wani ya fi wani tsawo, kuma an sha sayen kati a kawo gida ya ƙi shiga. Uba da 'ya suka hau danfo zuwa Ikeja, suka shiga kasuwar nan da a ke kira Computer Village, wadda ta mamaye titin Otigba da kewayensa. Katin da aka rubuta musu a takarda shi ne GeForce GTX 1060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a watan Yuli na 2016, mai ma'ajiyar kansa ta gigabait 6 da ƙananan ma'aikata 1,280. Sabonsa ya daɗe da ƙarewa, sai na hannu. Na hannun kuwa suna da yawa, domin shekaru da dama masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta sayen katunan hoto suna jera su suna aiki ba dare ba rana, har zuwa watan Satumba na 2022 da tsarin Ethereum ya daina bukatarsu, suka juye su a kasuwannin duniya. Saboda haka irin wannan kati ba a sayensa a ƙunshe. Malam ya sa mai shago ya soka shi a tasa na'urar, ya ɗora masa aiki mai nauyi har rabin sa'a, suna kallon fankokinsa na juyawa, suna duban allo ko za su ga wani zane ko walƙiya. Bai nuna aibu ba. Aka yi ciniki, kuɗin adashi ya tafi.

Mai shagon na cikin naɗe katin sai ya tambaya, "Baba, fawa-fak ɗinka wat nawa ne?" Fawa-fak shi ne sunan da 'yan kasuwa ke kiran akwatin wuta, wancan mai jan makunni. Malam ya ce bai sani ba, amma dai shekara takwas bai taɓa ba shi kunya ba. Mai shago ya ce waɗanda suka ƙera katin sun ba da shawarar akwatin wuta na wat 400, har wa yau katin na bukatar wata waya ta musamman mai baki shida, wadda tsofaffin kwamfutocin ofis ba su zuwa da ita. Ya jawo wani sabon akwati ya ɗora a kan kanta.

Malam Akawu ya shekara arba'in a Ikko, ya san halin kasuwa: ka zo sayen riga, a ce maka sai da wando. Ya yi murmushi ya ce a bar wannan tukuna. Da mai shago ya ga haka, sai ya ce akwai wata 'yar wayar haɗi mai juya bakin tsohuwar waya ya koma mai shida, kuɗinta bai kai na farantin shinkafa biyu ba, amma shi kam bai ba da shawararta ba. Malam ya ce a ba shi ita. A hanyar komawa har yana gaya wa Auta cewa da ya biye wa yaron nan, da kuɗin tabarau ma sun bi ruwa.

A daren nan aka soka kati, aka haɗa 'yar waya, aka ɗauke wayar allo daga tsohon gurbinta aka mai da ita bayan katin, Auta ta sauko da manhajar da ke sa kwamfuta ta gane baƙonta. Da ta buɗe aikinta ta juya ginin, sai ya juya sumul kamar faifai. Hoton da ke cin dare guda ya fito cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Malam ya shafa gemu, ya tafi ya kwanta da farin ciki biyu, na aikin 'yarsa da na kuɗin da ya tsirar.

Kwana biyu kome na tafiya daidai. Da rana wasiƙu a ke bugawa, katin na hutawa, ba ya jan wata wuta ta a zo a gani. A dare na uku Auta ta ɗora babban hoton, watau asibitin gaba ɗaya, da itatuwa, da motar ɗaukar marasa lafiya a bakin ƙofa, da ranar la'asar tana dukan bango. Bayan kamar minti ashirin sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki suka tsaya. Ta ɗaga kai, ga ƙwan lantarki na ci, ashe ba ɗauke wuta aka yi ba. Ta sake kunnawa, aka maimaita. A karo na uku sai wani ƙauri ya tashi kamar na ƙonannar roba. Ta buɗe gefen akwatin ta taɓa 'yar wayar nan ta araha, ta janye yatsa da sauri. Daga nan kwamfuta ta ƙi tashi sam.

Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar mahaifinta, ta russuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri na tashe ka. Na'urar ta mutu." Ya fito da tocila ya yi ta danna makunni, shiru. Aikin Auta na ciki, kuma abin da ta kwafa a filasha na kwana uku da suka wuce ne. Amma ba shi kaɗai ya hana Malam barci ba. A cikin akwatin nan akwai yarjejeniyar haya ta gidaje da dama, da takardun rabon gado, da shaidar bashi tsakanin mutane waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Mutum ya kan dawo bayan shekara biyar ya ce ruwa ya ci tasa takardar, a sake fitar masa. Amanar unguwa ce, kuma bai taɓa ajiye kwafinta a wani wuri ba. Ya zauna a kan benci har aka kira asalatu, yana tuna fuskar mai shagon nan da akwatin da ya ɗora a kan kanta.

Da gari ya waye ya aika aka kira wani saurayi mai gyaran kwamfuta a bayan layinsu. Shekarun baya, Malam ne ya buga wa wannan yaro takardar neman shiga koyon sana'ar, bai karɓi ko kwabo ba. Saurayin ya zo da sukundireba da mita da wani akwatin wuta na gwaji. Ya cire katin, ya zare wayoyin tsohon akwati, ya jona nasa, ya danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Takardun jama'a na nan lafiya lau. Abin da ya lalace shi ne aikin da ke buɗe lokacin da wuta ta yanke, watau wahalar Auta ta kwana uku. Malam ya yi hamdala, ya kuma sa aka kwafe kome da kome a wata ma'ajiya dabam kafin a sake taɓa ko da kusa ɗaya.

Sa'an nan mai gyara ya kwance tsohon akwatin, ya kakkaɓe ƙura, ya nuna masa wata takarda da ke manne a gefensa. Ya ce, "Baba, ka ga, wutar bango bolt 230 ce, kuma mai kai da komowa ce. Kayan da ke cikin nan ba su cin irinta. Aikin wannan akwati shi ne ya juya ta ta koma miƙaƙƙiya, ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa kowa rabonsa. Ƙwaƙwalwa da kati duk daga layin 12 su ke ci. Duba nan, an rubuta amfiya 16 a ƙarƙashin 12. Kai ne akawu, nawa ke nan in an ninka?" Malam ya ce 192. Saurayin ya ce, "To, kati na cin wat 120, ƙwaƙwalwa 77, ma'ajiya da fankoki kamar 25." Malam ya haɗa a zuci ya sami 222, ya yi shiru. Ashe kayan raƙumi ya ɗora wa jaki.

Mai gyara ya ci gaba da cewa ko 192 ɗin ma na lokacin ƙuruciya ne. A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye da a ke kira kafasita, masu ruwa a ciki, kuma zafi na busar da ruwan sannu a hankali. Shekara goma sha biyu, takwas daga ciki a zafin Ikko da ƙurarta, ba wasa ba ne. Game da 'yar wayar kuwa, ya ce gurbin da a ke soka kati wat 75 kawai ya ke iya bayarwa, sauran sai ta waya mai baki shida, ita kuwa ta araha siririya ce, bakinta bai kama sosai ba, shi ya sa ta ɗauki zafi. Ya ce, "Sa'a ɗaya ka ci, Baba. Akwatin naka mai mutunci ne, yana da abin da ke yanke wuta in kaya sun yi masa yawa. Ya yanke sau biyu yana yi muku gargaɗi, a na uku ya mutu shi kaɗai. Wani in zai mutu sai ya tafi da kati da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya."

Malam ya tambaya ko za a buɗe shi a gyara. Saurayin ya girgiza kai. Ya ce manyan kafasitan da ke ciki su kan riƙe wuta mai iya halaka mutum ko bayan an zare waya daga bango, saboda haka ba wurin da mai ƙaramin sani zai sa hannu ba ne. Ko an gyara ma, ai 192 ba za ta zama 222 ba.

Komawa kasuwa ta yi wa Malam Akawu nauyi, amma bai sauya shago ba. Ya tafi tare da mai gyara, ya yi sallama, ya ce wa mai shagon, "Ka faɗa, ban ji ba." Mutumin bai yi masa gori ba, ya jawo masa kujera. Aka ɗora akwati biyu a kan kanta. Na farko kwalinsa na ƙyalli, an rubuta 650 da manyan lambobi, ga shi da sauƙin kuɗi. Na biyu 450 ne kawai, kuma kuɗinsa ya ninka na farkon har da ɗoriya. Zuciya ba ta da ƙashi, nan take idon Malam ya sake karkata ga mai araha, gama a lissafin da ya sani 650 ta fi 450.

Mai gyara bai ce kome ba, sai ya ɗora masa ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Mai 650 kamar gwangwanin da ba kome a ciki, mai 450 kuwa har da rinjayar hannu. Ya ce nauyi ba hujja ba ce cikakkiya, amma alama ce ta tagulla da ƙarfen sanyaya da aka zuba a ciki. Sa'an nan ya ce a karanta takardar gefe. Wannan karon Malam da kansa ya kanne ido ya nemo layin 12. Na farko amfiya 20, watau wat 240. Na biyu amfiya 36, watau 432. Ashe babbar lambar da ke kan kwali an cika ta ne da layukan da katin ba ya ci daga gare su.

A jikin na biyun akwai wani tambari mai rubutun 80 Plus. Wannan tsari ne da aka fara a shekarar 2004, ma'anarsa kuwa akwatin zai miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja daga bango, ko an ɗora masa ɗan kaya, ko rabi, ko cikakke. Watau in na'ura na bukatar wat 240, abin da zai ja ba zai wuce 300 ba, sauran 60 su ne ke zama zafi. Ga mutumin da ke sayen man janareta da gumin goshinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai gyara ya ƙara da cewa tambari kowa na iya liƙawa, saboda haka a nemi ƙirar kamfani sananne, a kuma karɓi takardar garanti. Ya fito da wayarsa ya gwada hoton da ya ɗauka na cikin kwamfutar, ya tabbatar bakin babbar wayarta mai 24 ne irin na kowa, domin akwai kwamfutocin ofis da a ke yi wa baki na daban wanda ba ya karɓar akwatin kasuwa. Malam ya juya bayan sabon akwatin yana neman jan makunni, bai gani ba. Aka ce masa irin waɗannan da kansu su ke karɓar wuta tun daga bolt 100 har 240. Ya sa hannu a aljihun ciki, ya fito da kuɗin tabarau, ya ƙirga, ya miƙa. Ya ce, "Hausawa sun gama magana, araha ba ta ado."

Da suka dawo, Malam ya ce Auta ce za ta ɗaura da hannunta, mai gyara ya tsaya a kanta, domin gobe ba sai an nemi wani ba. Ta zare waya daga bango, ta danne makunnin gaba na ɗan lokaci don sauran wuta ta fita, ta dafa ƙarfen akwatin don ta sauke wutar da jiki ke tarawa. Ta share ƙurar shekaru da burushi mai laushi. Ta zaunar da sabon akwati ta ɗaure shi da kusoshi huɗu, ta soka mai baki 24 har ta ji ya yi ƙas, ta soka mai baki huɗu ta ƙwaƙwalwa, da ta ma'ajiya, sa'an nan ta mai da kati gurbinsa ta ba shi tasa mai baki shida, wannan karon ta asali. Ta tattara sauran wayoyi ta ɗaure su nesa da fankoki. Aka jona a sitabilaiza, aka kunna, aka ɗora hoton nan da ya kashe na farko. Sa'a guda cur Malam na zaune da tafin hannunsa a bayan akwatin yana jin iska mai ɗumi na fita, har motar marasa lafiya ta bayyana a bakin ƙofar asibiti. Auta ta sake aikin kwana uku cikin kwana biyu, ta miƙa saura kwana huɗu, ta kuma fita tare da 'yan ajinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka tsohuwa ta koma budurwa. Ƙwaƙwalwar 2012 na nan yadda ta ke, akwai ayyukan da kati ke gama nasa ya tsaya jiranta. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da ƙwaƙwalwa mai waɗannan shekaru ba. Ranar rabuwa na tafe, amma in ta zo, da katin da akwatin wutar za su iya ƙaura zuwa wata na'urar. Kafin nan dai an sami shekaru na aiki daga abin da saura kaɗan a jefar. Wani rahoto na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kwamfutar Malam ba ta shiga wannan juji ba tukuna.

Wanda ya zauna a kasuwar nan wuni guda zai ji masu saye na tambayar lambar kati da girman ma'ajiyarsa, amma da wuya ya ji mai tambayar abin da zai ciyar da shi. Dalili kuwa a fili ya ke: aikin kati ana ganinsa a allo, shi kuwa akwatin wuta in yana aiki daidai ba a ganin kome. Auta ta taɓa gaya wa mahaifinta cewa a karatunsu ma haka ne, lissafin da ya fi cin lokaci shi ne na harsashi, wanda za a binne a ƙasa, mai gida ba zai taɓa nuna wa baƙo shi ba. Saboda haka duk mai niyyar ƙara wa tsohuwar na'urarsa kati, ya fara kwafe abin da ke cikinta, ya auna fili, sa'an nan ya karanta layin 12 ya yi ninki, ya kuma sa kuɗin akwatin wuta a cikin lissafi tun daga gida.

Malam Akawu ya ƙara wata huɗu da tsohon tabarau. Wata safiya a cikin watannin nan ya kunna kwamfuta sai ya ga baƙaƙen allo sun ƙara girma, har yana karantawa ba tare da ya sunkuya ba. Ya san ba aikin aljanu ba ne. Bai ce wa Auta kome ba, ita ma ba ta ce masa ba. Mataccen akwatin kuwa yana nan a kan kanta kusa da tsohuwar tafireta, da salatif ɗinsa a kan jan makunni. In wani saurayi ya shigo buga takarda ya fara zancen katin da zai saya, sai Malam ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya hure ƙura, ya nuna masa takardar gefe, ya ce, "Ɗana, sha biyu sau sha shida nawa ne?"